Ƙaramin Kare Mai Gemu: Abin da Ba a Faɗa wa Baba Ba



Yau hirar tamu a kan kare ce. Na san akwai wanda daga jin haka zai kai hannu ya murɗa akwatin rediyonsa, to ɗan dakata tukuna, malam. Duk wanda ya taɓa zama a Jamus ko Ingila ko Amurka ya san cewa a can kare yana da gurbinsa a cikin gida, da shimfiɗarsa, da kwanonsa, da likitansa. A Jamus kaɗai akwai karnuka sama da miliyan 10 a hannun jama'a. 'Yan'uwanmu da ke zaune a waɗancan ƙasashe, waɗanda 'ya'yansu suka taso a can, sun san irin nacin da yara ke yi: Baba, don Allah a saya mana kare, kowa a ajinmu yana da shi. Da zarar Baba ya fara sassautowa, sai a kawo masa hoton wani ɗan ƙaramin kare mai gemu da gashin baki da gira mai kauri, a ce masa ai wannan ba ya cin wuri, ba ya zubar da gashi, kuma ba shi da wahala. Turawan Ingila suna kiransa Miniature Schnauzer, Jamusawa su ce Zwergschnauzer, mu kuwa bari mu sauƙaƙa wa harshenmu mu ce ƙaramin Shinauza. Biyu daga cikin abubuwan da aka faɗa wa Baba gaskiya ne. Na ukun, wato rashin wahala, shi ne abin da ban yarda da shi ba.

Mu fara da inda ya fito, domin halinsa na yau duk yana can. Asalinsa kudancin Jamus ne, yankunan Bavariya da Wurtambag, ƙasar manoma da masu dawakai. Suna da wani kare matsakaici mai kaushin gashi, wanda ke kwana a barga, ya yi gadin kaya a kan keken doki ranar kasuwa, ya kuma kashe ɓerayen da ke ɓarnar hatsi. A ƙarshen ƙarni na 19 sai masu kiwo suka so su rage masa girma, suka riƙa haɗa ƙananan cikinsu da wasu ƙananan karnuka irin su Afenfinsha. Ta farko da aka rubuta sunanta a littafin asali wata baƙar karya ce mai suna Findel, wadda aka haifa a shekarar 1888. A 1895 aka kafa ƙungiyar masu kiwon wannan dangi, Pinscher-Schnauzer-Klub, wadda har gobe tana nan, kuma a 1899 aka fara baje kolin ƙaramin a matsayin jinsi mai zaman kansa. Ya tsallaka Amurka a tsakiyar shekarun 1920, ƙungiyar masu karnuka ta ƙasar ta amince da shi a 1926, kuma a 'yan shekarun nan ba ya fita daga cikin ashirin na farko a jerin karnukan da Amurkawa suka fi so. Tsohon sanata Bob Dole, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka a 1996, ya yi suna da irin wannan kare, nasa ana ce masa Leader.

Dangin nasu uku ne. Akwai babban, wanda tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa kan kai santimita 60 zuwa 70, shi ne 'yan sanda da sojoji suka yi aiki da shi. Akwai matsakaicin, kakan gida. Sai autansu da muke magana a kai, mai santimita 30 zuwa 35, nauyinsa kilo 4 zuwa 8. Launinsa huɗu ne a ma'aunin Turai: baƙi ƙirin, baƙi da ratsin azurfa, fari sol, da kuma wanda aka fi sani, mai furfura-furfura, da suke kwatantawa da gishiri da barkono.

To an rage masa jiki, amma ba a rage masa zuciya ba. Har yanzu a ransa shi mai gadin barga ne. Motsi kaɗan a bakin ƙofa, haushi. Ma'aikacin gidan waya ya jefa wasiƙa, haushi. Maƙwabci ya hau matakala da jakar cefane, haushi. A gonar Bavariya wannan shi ne aikinsa, don shi ake ba shi abinci. Amma a bene mai hawa shida a Balin ko Hambag, inda dokar shiru ke farawa daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, kuma maƙwabcin Bajamushe ba ya jin nauyin rubuta takardar ƙara zuwa ga mai gidan haya, wannan baiwa sai ta koma rigima. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haushin ba ya barinsa gaba ɗaya, sai dai a koya masa inda zai tsaya: ya yi sau biyu ko uku ya sanar, a ce masa ya isa, idan ya yi shiru a yaba masa a ba shi ɗan abin taɓawa. Wanda ya riƙa daka masa tsawa kuwa ya ƙara wa wuta fetur, domin a tunanin karen, maigida ma ya shigo an haɗu ana haushin tare.

Daɗin abin shi ne yana da kai. Yana ɗaukar darasi da wuri, yana son a yaba masa, yana kuma son abinci, waɗannan ukun kuwa su ne jarin mai horarwa. Sai dai kaifin kan nan yana da kaifi biyu. Idan uwar gida ta hana shi hawa kujera, maigida ya ƙyale shi, cikin mako guda zai gane wa ake yi wa biyayya, wa ake yi wa wayo. Dole gida ya yi magana da murya ɗaya. Duka ba ya gyara shi, sai dai ya mayar da shi matsoraci mai cizo, kuma tun 2022 dokar Jamus ta haramta horar da kare da abin wuya mai ƙayoyi ko wani abu mai sa masa zafi. Lokacin da ya fi kowane tsada a rayuwarsa shi ne daga mako uku zuwa kamar mako goma sha huɗu da haihuwa. Abin da ya gani a wannan tsakani ya saba da shi, mota ne, keke ne, jariri ne, mai rawani ne, mai hijabi ce, baƙon murya ce, ba zai tsorata da shi ba idan ya girma. Wanda aka kulle a ɗaki a waɗannan makonni, shi ne zai tashi yana ganin kowane baƙo ɓarawo.

Da yara yana da kirki, in an koya wa yaran su ma. Ba a jan gemunsa, ba a taɓa shi yana cin abinci, ba a tashe shi daga barci da ihu, kuma ba a barin ƙaramin yaro da kowane irin kare su biyu a ɗaki, komai sabo. Amma gidan da ake kiwon zomo ko tsuntsu ko irin ɓerayen nan na ado da yaran Turai ke ajiyewa a keji, a yi hattara. Shekaru sama da ɗari aka yi ana zaɓen iyayensa don iya cafke abin da ke gudu a ƙasa, lallashi ba zai goge wannan ba. Shi ya sa ma ba a kwance masa igiya a bakin titi. Kurege ɗaya ya gilma, ya manta da sunansa.

Yana bukatar fita kamar awa guda a kullum, a raba safe da yamma, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Sannan ba ya jure kaɗaici. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi na Ingila suna ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu a jere. Ku auna wannan da rayuwar ɗan ci-rani: miji ya fita aiki tun asuba, mata ta tafi nata, yara suna makaranta har la'asar. Wa ya rage a gida? Kare da kujerun da zai yayyaga. Yaron da ya yi rantsuwa shi zai riƙa fita da shi, a watan Janairu, duhu bai yaye ba, sanyi ya sauka ƙasa da sifili, ku da kanku kun san wanda zai ƙare da riƙe igiyar. Baba ne.

Mu dawo kan gashi, wanda shi ne babban abin tallarsa. Gaskiya ne ba ya zubar da gashi sosai, ba za ka tashi daga kujera ka ga babbar rigarka ta yi furfura ba. Amma dalilin shi ne gashin da ya mutu ba ya faɗuwa da kansa, sai an cire shi. Riga biyu gare shi, ta ciki mai laushi, ta waje mai kauri da kaushi. Masu kai shi gasa da hannu suke tsige matattun gashin, kaɗan-kaɗan, aiki ne na awoyi, shi ke sa rigar ta riƙe kaushinta da launinta. Yawancin masu gida kuwa injin aski ake sa masa, kowane mako shida zuwa takwas, a wajen masu sana'ar askin karnuka, kuma kowane zuwa da kuɗinsa. Injin ya fi sauƙi, amma a hankali gashin sai ya yi laushi, launin ya kwashe. Ba cuta ba ce, ado ne kawai ya ragu. Abin da ke zama cuta shi ne barin gashin ƙafafu da hammata da ciki babu taza. Sai ya cukurkuɗe ya dunƙule har ya riƙa jan fata, danshi ya taru a ƙarƙashi, gyambo ya ɓullo ba a gani ba. Sau biyu ko uku a mako ake bin sa da buroshi da matsefi.

Gemun kuwa, wanda saboda shi aka saye shi, kullum yana cikin kwano. Ya ci abinci gemu ya ci, ya sha ruwa gemu ya sha, sannan ya zo ya goge a jikin kafet ko a gwiwar baƙo. Idan ba a wanke shi a busar ba, sai ya rine ya yi ja-ja ya fara ɗoyi. Haka gashi ke tsirowa a cikin kunnuwansa, dole a riƙa dubawa, in ya fara kaɗa kai yana sosa kunne to ciwo ya shiga. Farcensa ma ana yankewa, in ka ji yana ƙwas-ƙwas a kan siminti ya yi tsawo. Wani abu kuma da masu talla ke faɗa, wai mai asma ko mai borin jini zai iya zama da shi lafiya, a riƙe shi da hannu biyu. Abin da ke tayar wa mutum da atishawa da ƙaiƙayi yana cikin yawun kare ne da garin fatarsa, gashi ɗan aike ne kawai. Binciken da aka yi a Ditiroyit ta Amurka a 2011 bai ga wani bambanci ba tsakanin gidajen da ke da irin waɗannan karnuka da sauran gidajen masu kare. In akwai mai irin wannan lalura a gida, ya je ya zauna da karen a inda yake, ba sau ɗaya ba, kafin a biya ko sisi.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato kwanon abinci. A al'adarmu kare ragowa yake ci. Ƙanzo, sauran tuwo, ƙashi, kitsen da aka yanke aka jefar, kuma karen gida na ƙasarmu yana rayuwa a haka. Mun kuma taso da cewa rowar abinci abin kunya ne, wanda ya tsaya yana kallonka kana ci, ko dabba ce, ka miƙa masa. To wannan kyakkyawar ɗabi'a ita ce ke kwantar da ƙaramin Shinauza a asibiti. Jininsa yana da wata matsala ta gado, ba ya iya kwashe maiƙo yadda ya kamata. Wani bincike da likitocin dabbobi na jami'ar Texas A&M suka wallafa a 2007 ya auna jinin irin waɗannan karnuka kusan 200, dukkansu lafiyayyu a ido, aka tarar kusan ɗaya cikin uku maiƙon jininsa ya haura ƙa'ida, kuma abin yana ƙaruwa da shekaru. A wasunsu, in an ɗebi jinin aka ajiye, ruwan da ke tasowa sama fari yake fitowa kamar madara.

Illar wannan tana sauka ne a kan wata gaɓa da ke kwance kusa da tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas. Ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci, ita ce kuma ke samar da insulin mai daidaita sukarin jini. Idan kitse ya yi mata yawa lokaci guda sai ta kumbura, ruwan narkarwar ya juyo ya fara cin ita kanta. Karen zai kama amai, ya ƙi abinci, ya yi lamo, cikinsa ya yi ciwo har ka ga ya kwantar da ƙirji a ƙasa ya ɗaga baya don neman sauƙi. Wannan ba abin a jira gobe ba ne, yana kisa. Likitocin dabbobi a Amurka sun san lokacin da irin waɗannan marasa lafiya ke cika musu asibiti, wato kwanakin bukukuwan ƙarshen shekara, lokacin da ake gasa talotalo ana miƙa wa kare fata da romo. A gidan Musulmi kuwa ba sai an faɗa ba, ranar haɗarin ita ce Babbar Sallah da kwanakin suya. Ɗan tozon nan, da fatar kaza, da guntun balangu da yaro zai zura ƙarƙashin tebur saboda tausayi, shi ne zai sa a kwana a asibiti. Idan kumburin ya yi ta maimaituwa, gaɓar na iya gajiya, a wayi gari kare ya kamu da ciwon suga, ana yi masa allura safe da yamma har ƙarshen ransa. Wannan jinsi yana cikin waɗanda ciwon suga ya fi kamawa.

Kuma kada ku ce zai ƙi. Ba ya ƙi. Gwani ne wajen roƙo, zai zauna ya ɗaga girar nan ya zuba maka ido har ka ji kamar ka zalunce shi. A nan ake gane mai kiwo na gaskiya: ya iya cewa a'a. Abincinsa a auna shi, sau biyu a rana ga babba, sau uku ko huɗu ga kwikwiyo, mai ƙarancin maiƙo, ɗan abin lada kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da yake ci a yini. Yankakken karas ya ishe shi murna. Ka shafa gefen ƙirjinsa, in kana jin haƙarƙari ba tare da ka danna ba, yana daidai. In sai ka lalubo, ya yi ƙiba. Sannan akwai abubuwan da guba ne ga kowane kare: albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininsa, ku tuna kuwa babu miyarmu da babu albasa. Inabi da zabibi suna lalata ƙoda. Cakulan na bugun zuciya da jijiyoyi. Akwai wani sinadarin zaƙi da ake sa wa cingam maras suga, zailitol, wanda ɗan kaɗan ke faɗar da sukarin jininsa. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Maganin ciwon kai na mutane, farasitamol ko ibuprofen, kada a kuskura a ba shi ba da izinin likita ba.

Sauran lalurorinsa mu bi su da sauri. Kwalejin likitancin dabbobi ta Landan ta duba bayanan irin waɗannan karnuka kusan 4,000 a asibitocin Birtaniya, ta wallafa sakamakon a 2019, kuma abin da ya zo kan gaba shi ne ciwon haƙori da dasashi, kusan 17 cikin 100, ƙiba na biye. Haƙora 42 ne cunkushe a ɗan ƙaramin baki, gemu ya rufe, ba mai lura sai wari ya tashi. Maganinsa goge baki da buroshi da man da aka yi don karnuka, ba namu ba. Yana kuma yawan yin tsakuwa a mafitsara. In ka ga yana tsugunne-tsugunne fitsarin na ɗigowa, ko da jini, a tafi asibiti, in kuma namiji ne fitsarin ya tsaya cak, a tafi a daren. Ruwan sha kada ya yanke a gabansa. Akwai yanar ido da wasu cututtukan ido na gado, akwai wasu ƙuraje masu baƙin kai da ke fito masa a gadon baya, har sunansa aka laƙaba musu.

Wanda ya ga hotunan Amurka zai ga kunnuwa a tsaye tsaf da ɗan guntun wutsiya, ya ɗauka haka Allah ya halicce shi. A'a, yanka aka yi. Kunnensa na asali a karye yake ya faɗo gaba, wutsiyarsa kuma doguwa ce. Jamus, mahaifarsa, ta hana yanke kunne tun 1987, ta hana guntule wutsiya a 1998, Ingila ma ta hana guntule wutsiyar karen gida daga 2007. A Amurka har yanzu ana yi. Ni dai ban ga abin da kare ya ƙaru da shi ba a wannan yanka, ban da zafi.

Sai maganar hukuma da aljihu. A Jamus kare yana biyan haraji. A Balin Yuro 120 ne a shekara ga na farko, 180 ga na biyu, kuma abin da ƙananan hukumomin ƙasar ke tarawa daga wannan haraji ya haura Yuro miliyan 400 a shekara. A Balin da Hambag da wasu jihohi dole ne ka yi masa inshora, saboda in ya tsallaka titi ya jawo haɗari, kai za a kama. A jihar Saksoni ta Ƙasa, tun 2013, sabon mai kare sai ya ci jarrabawa, ta takarda da ta aiki. Ɗaure kare a turke ya yini ya kwana a haka, abin da muke gani kullum ba mu ɗauke shi komai ba, can laifi ne. Kashinsa a titi kai za ka duƙa ka kwashe da leda, in ba haka ba tara. Kuɗin likitan dabbobi ma an ƙara shi a ƙarshen 2022. Ka haɗa da allurai, da aski, da abinci, da wanda zai riƙe maka shi in za ka zo gida hutu ko za ka tafi Umara, sai ka ga kuɗin sayensa shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin.

A wajen sayen ma akwai rami. Intanet cike take da tallar kwikwiyoyi masu araha, da yawansu daga gidajen da aka mayar da karya injin haihuwa, ana loda 'ya'yan a bayan mota daga gabashin Turai da takardun bogi. Araha ba ta ado. Dokar Jamus ta hana raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya wuce mako takwas, wanda za a shigo da shi daga wata ƙasar Tarayyar Turai kuwa sai ya kai mako goma sha biyar, saboda allurar haukan kare da kwanakin jiran ta kama. Ingila ta hana dillalai sayar da kwikwiyo tun 2020, sai dai daga hannun mai kiwon ko gidan marayun dabbobi. Ka je gidan da kanka, ka ga uwar tare da 'ya'yanta, ka nemi takardar gwajin idon iyayen. Mai kiwon kirki shi zai yi maka tambayoyi har ka gaji: aikin me kake yi, wa ke gida da rana, mai gidan haya ya yarda? Wanda ya ce ku haɗu a tashar mai, ka kawo kuɗi ya miƙo maka ta taga, ka juya. Haka wanda ke tallar wai nasa ɗan mitsitsi ne da zai shiga kofin shayi, wannan tsumburarre ne aka sa wa suna mai daɗi. A gidajen marayun dabbobi, irin babban nan na Balin, akwai manyan karnuka da suka riga suka natsu, suna jiran mai ɗauka.

Ga masu saurarenmu na nan gida, a Abuja ko Kaduna ko Yamai, da suka fara sha'awar karnukan waje, akwai ƙarin nauyi. Wannan dabba an yi ta ne don sanyin Bavariya. A zafin Afrilu ba a fita da shi sai da sassafe ko bayan magariba, kwaltar rana tana ƙona masa tafin ƙafa, kuma barinsa a cikin mota a rufe ko na 'yan mintoci kisa ne. Kaska tana ɓuya a gashin nan tana sa masa cututtukan jini, dole a riƙa yi masa magani a kai a kai. Uwa uba ciwon haukan kare. Jamus ta rabu da shi tun 2008, mu kuwa yana nan tare da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare. Allurar riga-kafi ba zaɓi ba ce, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta, asibitocin koyarwa na dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna nan. Wanda kare ya ciza, ko na gida ne, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti, kada ya tsaya neman gashin karen.

Batun addini kuwa ba zan tsallake shi ba, ba kuma zan yi fatawa ba. Abin da aka sani shi ne malaman Malikiyya ba sa ɗaukar kare mai rai a matsayin najasa, saɓanin Shafi'awa, amma malamai sun yi magana mai nauyi a kan ajiye kare ba tare da dalili irin farauta ko kiwo ko gadi ba, da kuma shigar da shi cikin ɗaki. Mai niyya ya je ya zauna da malaminsa kafin ya je wurin mai kiwo, kada ya bari sai yara sun shaƙu da dabba sannan a fara jayayya a gida. Ya kuma tuna da surukai da baƙin da za su daina cin abincin gidansa, domin wannan ma yana faruwa. Shinauza kuwa ba karen da za a jefa bayan gida a manta da shi ba ne, in an raba shi da mutane lalacewa yake yi. Wanda ya san ba zai iya zama da shi kusa ba, ya bar shi ga masu iyawa.

Lissafi na ƙarshe shi ne na shekaru. Yakan rayu shekara 12 zuwa 15. Yarinyar da ta yi kuka aka saya mata shi tana aji huɗu na firamare, za ta gama sakandare, ta tafi jami'a a wani gari, wataƙila ma a ɗaura mata aure, shi yana nan. A lokacin idonsa ya yi hazo, kunnensa ya yi nauyi, ba ya iya hawa matakala sai an ɗauke shi, likita na son ganinsa sau biyu a shekara, ana auna jini ana sauraren zuciya, musamman matan cikinsu da bugun zuciyarsu kan rikice da tsufa. Iyayen da suka yi shirin komawa gida bayan ritaya sai su tarar akwai tsohon kare a tsakiyar shirin, ga takardun fitar da shi, ga tambayar ko zai jure tafiyar jirgi da zafin da zai tarar. Wannan zance a teburin cin abinci ya kamata a yi shi, da Baba da Mama da yaran duka, tun hoton yana cikin waya, kafin kwikwiyon ya shigo gida.